Ƙwan Dutse Bakwai da Kazar Inno

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar garinmu da damina ya san Malam Na'Allah, ko bai san sunansa ba ya san ƙwaryarsa. Garin namu yana kan hanyar da ta tashi daga Kazaure ta nufi Roni, kuma da zarar ruwa ya zauna zabi sun fara ƙwai, sai matan rugage su yi ta kwararowa da shi. Mai saye bai yarda ba, mai sayarwa ba ta yarda ba, to a nan Malam Na'Allah yake shigowa. Zai dunƙule ƙwai a hannu, ya kanne ido ɗaya ya ɗaga shi saitin rana, sannan ya sake shi cikin ƙwaryar ruwa. In ya nutse lafiyayye ne, in ya taso baragurbi ne. Aikin ke nan gaba ɗayansa, kakata tana yin sa tana gyangyaɗi. Amma in ka ji shi yana bayani sai ka rantse shi ya koya wa zabuwa yin ƙwai.

Ni ne Sabiru mai gashin kaji. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, shekara goma sha tara ina shan cika-bakinsa safe da yamma.

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kuskuren ƙwai ba," haka yake cewa a majalisarmu ta gindin darbejiya. "Daga nan har Babura, har cikin Nijar, babu ƙwan da zai yi mini ƙarya. Na zabuwa, na agwagwa, na jimina. Na kada ma na taɓa gwadawa."

"Kadan ya tsaya yana kallonka?" in ji ni.

"Ya san ko ni wane ne."

Abu ɗaya na yarda da shi a kansa: yana son Zulaiha. 'Yar ƙanensa ce marigayi, a hannunsa da na matarsa Inno ta tashi, ta yi karatu har ta kai jami'a, inda take nazarin duwatsu da ƙasa. Shekara biyu cur yarinyar nan tana yawo da rariya da ɗan ƙaramin buroshi, daga ramukan Gwiwa zuwa na Kanya Babba, duk inda aka haƙa rijiya ko aka ɗebi ƙasar bulo sai ta sauka ta tankaɗe. Mutane har sun fara yi wa Inno jaje. Ashe abin da take nema yana bayan garinmu, a gaɓar tsohon rafin da ya ƙafe tun zamanin kakanni.

Ranar wata Asabar da sassafe ina hura gawayi a ƙofar gida na ji su a zaure. Na leƙa na gan ta riƙe da 'yar kwalba, ciki an shimfiɗa auduga, a kan audugar wasu 'yan ƙwayoyi guda bakwai farare-farare, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba.

"Baffa, ƙwan dodon koɗi ne," in ji Zulaiha. "Amma ba na yanzu ba. Ya yi dubban shekaru a ƙasa har ya zama dutse."

"Dodon koɗi yana ƙwai?" Sai ya ga ina kallonsa, ya gyara murya. "Wato ina nufin, ke ma kin san yana yi?"

"Yana yi, Baffa. Sai dai yawancinsa laushi gare shi, kwana kaɗan ya ruɓe. Na tsutsa da na ƙwari ma haka. Shi ya sa za ka ga koɗin kansa birjik a cikin ƙasa, amma ƙwan sai mutum ya ƙare aikinsa bai ga ko ɗaya ba. Sai irin mai ɓawo mai tauri, shi ma sai in laka ta rufe shi da wuri, ruwan ƙasa ya yi ta ratsa shi har ya daskare."

Ta ce malaminta, Dakta Ukasha, ya ga hotunan a waya ya ce shi tsakuwa yake gani. Ba zai sa hannu a kan aikinta ba sai ya duba da idonsa, ya kuma ga ramin. Yau zai zo, jibi zai bar ƙasar, kuma wa'adin da makaranta ta ba ta wannan watan zai cika. In bai sa hannu ba, shekara biyunta ta bi ruwa.

"Zan je Kazaure in tarye shi, sai la'asar za mu iso. Hanya ta lalace, ina tsoron jijjigar acaɓa ta farfasa su. Inno kuma ta tafi suna gidan Hamma tun asuba." Hamma yayan Inno ne, rugarsu tana wajen Yankwashi. "Don Allah Baffa ka ajiye mini. Kada a buɗe."

"Wa zai buɗe?"

"Kada a taɓa."

"Ke, ni za ki koya wa riƙon ƙwai?"

Ƙurar babur ɗinta ba ta gama kwantawa ba na gan shi ya fito majalisa, kwalba a hannun dama, ƙwaryar ruwa a hagu. Fuskarsa a murtuke. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wai za a ɗauko wani mutum tun daga jami'a ya yanke hukunci a kan ƙwai, a garin da Na'Allah yake raye.

"Ku matso ku gani," in ji shi.

"Malam, ta ce kada a buɗe," na tuna masa.

"Ta ce kada a buɗe. Ba ta ce kada in buɗe ba."

Ya ɗaga na farko saitin rana, ya kanne ido, ya daɗe yana gyaɗa kai, alhali yatsunsa sun rufe abin ruf. Sannan ya sake shi a ruwa. Ya nutse. Na biyu ya nutse. Har na bakwai, duk suka kwanta a gindin ƙwarya.

"Allahu Akbar! Lafiyayyu ne! Ko ɗaya babu baragurbi. Da ransu!"

"Malam, dutse ne fa. Dutse ai dole ya nutse." Na tsinci tsakuwa a ƙasa na jefa cikin ƙwaryar. "Ga shi, wannan ma da ransa ke nan?"

Ya dube ni irin kallon da likita yake yi wa mai gardamar allura. "Sabiru, kai kaza sai ta mutu kake saninta. Ba ka ga bambancin ba? Tsakuwarka faɗawa ta yi da rashin kunya. Waɗannan sauka suka yi da natsuwa."

Majalisa ta ce ƙwarai ita ma ta ga natsuwar. Mutanen garinmu ba sa ƙin abin kallo, musamman na kyauta.

Nan take ya bayyana shirinsa. Ƙwan da ya yi dubban shekaru yana jira, in ji shi, ya riga ya nuna, ɗumin awa biyu kawai yake nema. Inno tana da kaza wake-wake mai kwanci a kan ƙwan zabi. Zai sa mata waɗannan, kafin la'asar sun ƙyanƙyashe. In Dakta ya iso yana neman tsakuwa, sai ya tarar da dodon koɗin zamanin da yana tafiya a kan faranti. Za a ba Zulaiha takarda, shi kuma gidan rediyo ya zo.

"In ya fito me zai ci?" wani ya tambaya.

"Abincin da. Gero."

Tunda matar gida ba ta nan, ya ce kowa ya shigo ya zama shaida. Muka ɗunguma har bakin akurki, mu kusan ashirin. Ya jera ƙwayoyin a cikin murfin kwalbar lemo, ya durƙusa, ya cusa hannu. Kazar ta kumbura ta sakar masa sara a bayan hannu. Ya ce gaisuwa ce. Ya tura murfin gefen ƙirjinta, ya miƙe, ya juya mata baya, ya fuskance mu, ya fara jawabi a kan yadda za a riƙa zuwa garinmu daga ƙasashen waje.

Ni ina fuskantar akurkin. Na ga kazar ta karkata kai ta dubi murfin da ido ɗaya, yadda shi kansa yake duban ƙwai. Ta sake dubawa da ɗaya idon.

"Malam," na ce.

"Kada ka katse ni."

Tak. Tak. Tak.

"Malam Na'Allah!"

"Sabiru, hassada ba ta da kyau."

Tak, tak, tak, tak. Na ƙirga da kunnena, bakwai cif.

Da ya waiwaya ya ga murfi wayam, sai ya daka tsalle. "Sun ƙyanƙyashe! Ban gaya muku ba? Kowa ya tsaya inda yake, kada a taka su!"

"Cinyewa ta yi," in ji ni. "A kan idona."

Majalisa ta ce ƙwarai ita ma ta ga cinyewar. Sai kowa ya ɗauki salati lokaci guda, wasu suka yi kan akurki, kaza ta firgita ta yi fiffike ta bi ta tsakanin ƙafafun Malam Na'Allah, ta ratsa zaure ta fice. Muka bi ta a guje. A bakin juji ta shige cikin 'yan'uwanta, kuma a nan muka gane girman masifar: kajin Inno wake-wake duk uwarsu ɗaya, kamarsu ɗaya, kamar an buga su a inji. Suka watse, kowacce ta kama gabanta.

"Guda nawa ne, Malam?"

"Uku."

"Ni kamar huɗu nake gani kullum a kan katangata."

"Gidanka ne ko gidana? Uku ne!"

Ban taɓa sanin dattawan garinmu suna da gudu ba sai ran nan. Aka bi ɗaya ta cikin gonar gyaɗa, aka ritsa ɗaya a ƙarƙashin amalanke, ta ukun ta haye rumfar mai shayi, Malam Na'Allah ya hau binta, rumfar ta sauko da su duka biyun. Ya tashi da ganyen shayi a gemu yana riƙe da ƙafarta, yana cewa dama haka ya tsara. Kafin a haɗa kaji uku a tsakar gidansa rana ta take tsaka.

"Wacce ce a ciki?" aka tambaye shi.

Ya ɗauki kowacce ya kara a kunne ya girgiza ta. Ya ɗaga ɗaya saitin rana. Da na ga yana waigen ƙwaryar ruwa sai na janye ta da ƙafa.

"Ba sai an sani ba," in ji shi. "Abin da ya shiga ta gaba zai fito ta baya. A kawo filasko."

Aka jiƙa ganyen filasko, irin wanda ake ba mai taurin ciki, ya ɗura wa kajin nan da cokali, ya ɗora kowacce a kan faranti cikin farantan jeren Inno. Kaza ba ta san faranti ba. Maganin ya kama su a lokaci guda, kuma a lokacin yana rungume da biyu a hammata, ta ukun a kan cinya. Farar rigarsa ce ta zuwa kasuwa. Ya tsaya ya tona abin da ya samu da tsinke, a jikin rigar, mu kuma muka koma nesa muna ba shi ƙwarin gwiwa. Babu ƙwai ko ɗaya.

A nan dai tausayin Zulaiha ya kama ni, dariyar ta fita daga raina. Na ce masa, "Malam, kaza ba ta kashin tsakuwa da wuri. A ƙundu take ajiye ta, da ita take niƙa tsaba. Ni nake fasa ƙundu kullum, na sani. Duk awar da ta wuce, ƙwayoyin nan gogewa suke."

Ya dubi rana, ya dubi kajin.

"Na Inno ne fa," in ji wani dattijo. "Kazar mace ko ƙwanta ba a taɓawa sai da izininta."

"Ni ne mai gidan. Ɗaya kawai za a yanka, kuma na riga na gane ta. Waccan mai kallon ƙasa, rashin gaskiya ne yake damunta."

Ya yi bisimilla ya yanka, na fasa ƙundu. Tsakuwa, yashi, da ɗan dutsen kwalliya ja.

"Na ce waccan, kai ka miƙo mini wannan."

"Kai ka kamo ta da hannunka."

Ta biyu: tsakuwa, da guntun fasasshen tangaran. Ta uku ya daɗe yana riƙe da wuƙa, don ya san daga ita babu saura, sannan ya ce tunda ba ta farko ba ce ba ta biyu ba ce, ilimi ya nuna ita ce. Na fasa. Tsakuwa zalla.

Ya tattara duk abin da ya fito daga ƙundu ukun ya wanke, ya zuba a tafin hannu. Wasu farare, wasu zagayayyu, duk girman ƙwayar dawa.

"Suna ciki," in ji shi. "Sun ɗan canza kama ne saboda tafiya. Miƙo ƙwaryar."

Ya zuba su duka a ruwa. Duka suka nutse.

"To Malam," na ce, "wanne ne ya sauka da natsuwa?"

Ya tsamo guda bakwai da suka fi kyan gani, ya goge su da gefen hula, ya jera a kan audugar, ya toshe kwalba. Ya shiga ya sauya riga, ya fito da babbar rigarsa ta Idi. Ya ce in gasa kajin, a ce liyafar baƙo ce aka shirya tun jiya. Ya kuma roƙi majalisa ta rufa masa asiri, majalisa ta yi alkawari, sannan kowa ya tafi gida ya ba da labari.

Shi ya sa da motar Dakta Ukasha ta tsaya a gindin darbejiya bayan la'asar, rabin gari yana wurin. Dakta ɗan siriri ne mai furfura, ba shi da yawan magana. Ya gaida dattawa da ladabi, aka shimfiɗa masa darduma. Zulaiha tana gefe tana murmushi, ta ɗauka taron nan duk don ita aka yi.

"Dakta, barka da zuwa wurin abokin aiki," in ji Malam Na'Allah. "Ni ma harkar ƙwai nake, shekara talatin da ɗaya. Na riga na duba maka su, don in rage maka wahala."

Murmushin Zulaiha ya ɗauke. "Baffa, ka buɗe?"

"Iska kawai suka sha."

Dakta ya karɓi kwalbar, ya fito da ɗan madubin ƙara girma daga aljihu, ya ɗauki ƙwaya ɗaya da ɗan hantsaki. Ya duba, ya ajiye. Ya ɗauki ta biyu.

"Wannan tsakuwa ce," in ji shi a hankali. "Wannan ma. Wannan kuma guntun tangaran ne, ga sauran zanen fure a jikinsa."

"Dodon koɗin da ai da ado yake ƙwai," in ji Malam Na'Allah.

Dakta ya kai kwalbar hanci. "Kuma suna ƙarnin cikin kaza."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, sai wurin ya ɓarke. Amma ni Zulaiha nake kallo. Ta karɓi kwalbar ta zazzage a tafin hannunta, ta juya su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗago ta dubi mutumin da ya goya ta ya kai ta makaranta a kan kekensa, hawaye yana zubo mata.

"Baffa, shekara biyu," ta ce. "A hannunka na sa."

Dariya ta mutu. Shekara goma sha tara ina jiran ranar da bakin Na'Allah zai mutu, ga ta ta zo, kuma wallahi ban ji daɗinta ba.

Dakta ya mai da madubinsa aljihu. "Zulaiha, ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba."

Daidai nan babur ya sauke Inno, da ƙwaryar furar suna a kanta. Doguwar Bafulatana ce, ba ta ɗaga murya, kuma duk unguwar ita kaɗai Malam Na'Allah yake rage tsawo in ya gani. Ta dubi taron, ta dubi Zulaiha, sannan hancinta ya kai ta kan wayar gashina, inda kaji uku suke kwance sun sha yaji. Ta dubi gashin da aka fige a gefe.

"Sabiru, kajin wa kake gasawa?"

Na gaya mata komai, ban rage ko filasko ba. Ta saurara har ƙarshe.

"Mai kwancin ce ta cinye?"

"Ita ce."

"Shi ne kuka yanka waɗannan ukun."

"A cikinsu take," in ji Malam Na'Allah da 'yar muryar da ta rage masa. "Uku ne ai."

"Huɗu ne, Malam. Kuma kaza mai kwanci ina take zuwa in an kore ta?"

Ta sauke ƙwaryarta ta shige gida, muka tsaya cirko-cirko. Ba a jima ba ta fito rungume da kaza wake-wake, tana ta kumburi tana ƙorafi. Tun muna cikin gonar gyaɗa ta zagayo ta koma kan ƙwanta. Yini guda muna yawo a gari, mu ashirin da gwanin ƙwai, ba wanda ya sake leƙa akurkin.

Na zaro wuƙa. Inno ta dube ni, na mayar.

Ta zauna a kan turmi ta lallatsa gindin wuyan kazar, wurin jakar da tsaba take taruwa kafin ta wuce ƙundu. "Mai kwanci cikinta ba ya sauri," in ji ta. "Zulaiha, share hawayenki, ɗauko mini sabuwar reza da allura da zare, da ruwan ɗumi da gishiri."

A ruga ta koya, wurin kakarta, don ranar da kaza ta ci abin da zai kashe ta. Ta fige 'yan gashi, Zulaiha ta riƙe fukafukai, ta ɗan tsaga fatar kamar faɗin farce, ta matsa a hankali a kan farin faranti. Dawa ta fito, da ɗan ciyayi. Sai wani abu fari ya gangaro ya yi ƙara a farantin.

Zulaiha ta ja numfashi. "Ɗaya."

Biyu. Uku. Duk garin yana ƙirgawa tare da ita, har da waɗanda suka zo dariya. Huɗu. Biyar. Inno ta sake matsawa, ta laluba, ta girgiza kai.

"Biyu sun wuce."

"In aka yanka yanzu, wataƙila a same su," na ce.

Inno ta miƙa wa Zulaiha kazar da hannu biyu. Ita ce ta ƙarshe cikin huɗun. Zulaiha ta dubi farantin, ta dubi Inno.

"A ɗinke ta," in ji Zulaiha. "Tana da 'ya'ya a hanya."

Inno ta wanke wurin da ruwan gishiri, ta ɗinke tsaf kamar bakin aljihu, ta shafa man shanu, ta sake ta. Kazar ta girgije ta nufi akurki ba ta ko waiwaye mu ba.

Dakta Ukasha ya riga ya durƙusa a gaban farantin, rigarsa a cikin ƙasa bai ma sani ba. Ya ɗauraye ƙwaya ɗaya ya sa madubi. Ya daɗe. Ya ɗauki ta biyu, wadda gefenta ya ɗan ɓantare, ya juya ta saitin rana, sai na ga hannunsa ya tsaya cak.

"Zo ki gani. Ta inda ya ɓantare. Ga ɗan koɗin a ciki, a naɗe, bai kai ga fitowa ba." Ya cire tabarau ya goge ido. "Shekara ashirin da shida ina koyar da wannan a allo, ban taɓa riƙe shi ba. Zulaiha, ki yafe mini, na ce tsakuwa ce. Kawo takardar, sannan mu je ki nuna mini ramin."

A kan murfin motarsa ya sa hannu. Zulaiha ta faɗa jikin Inno tana kuka tana dariya.

Kafin su dawo daga ramin, ran Malam Na'Allah ya dawo jikinsa. Na ji shi yana gaya wa majalisa cewa shi tun safe ya ce akwai ɗa a ciki, kuma ba don ya sa kaza ta ɓantare gefen ba, da Dakta bai gani ba har abada. Yana cikin haka Inno ta kira ni bakin zaure ta miƙo mini wani abu a ƙulle a ganye, ta gaya mini abin da zan yi da shi. Ban yi gardama ba, kajinta ne.

Aka baje kaji a tire, Dakta da dattawa suka sa hannu. Inno da kanta ta fito da ɗan kwano ta ajiye a gaban mijinta.

"Malam, ƙundu na mai gida ne. Yau uku gare ka."

Ya ji daɗin girmamawar, ya dubi Dakta don ya tabbata ya gani. Ya ɗauki mafi girma ya jefa a baki, ya tauna da ƙarfinsa.

Ƙaras!

Har mai shayi ya ji daga inda yake gyaran rumfarsa. Malam Na'Allah ya dafe kunci, ya tofo a tafin hannu: 'yar tsakuwa fara, zagayayya, ɗaya daga cikin bakwai ɗin da ya zaɓa da kansa, ga ɓallin haƙori a gefenta.

Inno ta sa ƙafa ta turo masa ƙwaryar ruwansa har gabansa.

"Gwada mana su, Malam," in ji ta. "Duka biyun."